Jita mai eko a ciki: duba batirin kafin ka biya kuɗi

A da, mai kaɗa jitar katako da ke son sautinsa ya riƙa amsawa kamar a babban ɗaki sai ya tara kaya: wayar haɗi, feda (akwatin adon sauti da ake takawa da ƙafa), amfilifaya, da wutar da za ta ɗauke su duka. Yanzu akwai jitocin da za ka danna maɓalli ɗaya a gefensu, eko ya fito daga cikin katakon, babu waya, babu lasifika. Abin yana da daɗin ji ƙwarai, kuma shi ya sa mutane ke saye da kunne kawai, su manta da tambayar da za ta dame su nan da shekara uku ko huɗu. Jita mai kyau takan yi shekaru arba'in, hamsin, tana aiki. Yamaha ta fara fitar da jerin jitocinta na FG a 1966, kuma har yau akwai masu kaɗa na wancan zamanin. Babu batirin da ke yin ko kusa da haka. Saboda haka in za ka zaɓa tsakanin waɗannan jitoci, abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne: ranar da batirin ya mutu, me zai rage a hannuna?

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta, kuma fahimtarsa ce za ta nuna maka dalilin da ya sa suke shan batir haka. A ƙarƙashin jakin jitar, inda tsarkiyoyi ke hawa, akwai maɗaukin sauti, wanda masu sana'ar ke kira fikof. Shi ne ke mayar da rawar tsarkiya ta zama siginar lantarki. Wata ƙaramar na'ura ta karɓi siginar, ta ƙara mata eko ko wani ado, sannan ta miƙa ta ga na'urar jijjiga da aka manna a jikin katakon baya. Wannan na'ura ce ke girgiza katakon, katakon ya girgiza iskar da ke cikin jitar, sautin da aka yi wa ado ya fito ta bakin jitar tare da na asali. Wato jikin jitar ne ya zama lasifika. Fikof na gargajiya mai batir ɗin 9V aikinsa kawai ƙarfafa sigina, shi ya sa batir ɗaya ke kai shi awa ɗari ko fiye. Girgiza katako kuwa aikin ƙarfi ne. A nan lissafin yakan sauko zuwa awa biyar, takwas, goma.

Adon da ake samu iri uku ne suka fi yawa. Akwai amon ɗaki, wanda a kan maɓalli za ka ga an rubuta Reverb, shi ne ke sa sauti ya ɗan daɗe yana yawo bayan ka saki tsarkiya. Akwai koros, mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu ne ke tafiya tare, ɗaya ta ɗan kauce wa ɗaya. Akwai kuma ekon da ke maimaita abin da ka kaɗa bayan ɗan jinkiri. Sababbin sun ƙaro lufa, wato na'urar da ke naɗe ɗan kiɗan da ka yi ta riƙa juya shi kana ɗora wani a kai.

Yamaha mai batir biyu

Yamaha ce ta sa wannan abu ya yaɗu, da jerin da ta kira TransAcoustic. Ta fara amfani da dabarar a fiyano, sannan a 2016 ta kawo ta jita da LL-TA da LS-TA. Daga baya aka samu masu sauƙin kuɗi, FG-TA da FS-TA, da CG-TA mai tsarkiyar nailan, da ƙaramar CSF-TA. Duk tsarinsu ɗaya ne: maɓallai uku a gefe, ɗaya na amon ɗaki, wanda ke tafiya daga ƙaramin ɗaki zuwa babban zaure, ɗaya na koros, na ukun kuma shi ne na kunnawa da daidaita ƙarfin sautin da ke fita ta waya. Babu sikirin, babu manhaja, babu abin da za a sabunta ta intanet. Batura biyu ne na AA, irin na rediyo da agogon bango, ana zura su ta wajen ramin da ake soka waya a gindin jitar. Kamfanin ya ce sukan kai wajen awa goma in alkalin ne.

Awa goma ba ta da yawa. In kana kaɗawa awa ɗaya kullum da eko a kunne, duk kwana goma sai ka canza, a shekara kuwa batura sun haura saba'in. Wannan ne babban kukan masu irin wannan jita, kuma kukan gaskiya ne. Amma maganinsa na hannunka, kuma a ganina nan ne tsarin ya fi sauran duka. Batura masu caji na NiMH, irin su Eneloop na Panasonic, suna ɗaukar kimanin 1,900 zuwa 2,000 mAh, kuma ana iya yi musu caji sau ɗaruruwa. Sayi guda huɗu da caja ɗaya: biyu a cikin jita, biyu a aljihun jaka. Ƙarfinsu bolt 1.2 ne maimakon 1.5 na alkalin, don haka ka leƙa littafin da ya zo da jitar ka tabbatar da nau'in da ya amince da shi, kuma ka san cewa sukan riƙe ƙarfinsu daram har kusan ƙarshe sannan su faɗi lokaci ɗaya, ba sa ba da dogon gargaɗi. Ranar da suka tsufa, ka je kasuwa ka sayo wasu. Batirin AA ya daɗe a duniya, yana cikin kowane shago daga Kano zuwa Damagaram, kuma babu alamar zai ɓace.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin baturan da ake sayarwa a kan tebur a bakin titi ba alkalin ba ne, na tutiya da gawayi ne, waɗanda aka yi don tocila da rimot. Da ka sa su a na'urar da ke jan wuta da ƙarfi, kafin ka ankara sun yi sanyi, kuma sun fi saurin yoyo. Araha ba ta ado. Ko alkalin na gaske ma, in ya ƙare aka bar shi a ciki watanni, yakan zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe, ya lalata bakin da ke taɓa batirin. Ka'idar ɗaya ce: in za ka ajiye jitar fiye da 'yan makonni, cire baturan. Na NiMH ba kasafai suke yoyo ba, wanda ƙarin dalili ne na komawa kansu.

Abin da na fi so game da FG-TA shi ne, in ka cire baturan ka jefar, abin da ya rage jita ce ta gaske. An gina ta ne a kan FG820, fuskarta katakon sifurus ne guda, ba fale-falen da aka manna ba. LL-TA kuwa gaba da baya da gefe duk katako ne guda, daga gidan LL16 ta fito. Na'urar jijjigar na ƙara ɗan nauyi a bayan, amma ba ta kashe muryar jitar ba. Ko da lantarkin ya lalace bayan shekara goma sha biyar, ba ka yi asarar kuɗinka duka ba.

A 2024 Yamaha ta fitar da TAG3 C, kuma a nan ta canza hanya. Ta ƙara eko mai maimaitawa, da lufa, da Bluetooth da za ka turo kiɗa daga wayarka ya fito ta jikin jitar kana bi, da manhajar daidaita sauti. Na'urorin jijjiga biyu ne a ciki. Batirin kuwa na litiyom ne mai caji, yana kai wajen awa biyar da rabi. Jita ce mai kyau, katakonta guda ne ko'ina, kuma lufar abu ne mai amfani ga mai rera waƙa shi kaɗai. Sai dai kuɗinta ya ninka na FG-TA fiye da sau biyu, awannin sun ragu, kuma batirin ba irin wanda za ka samu a shagon unguwa ba ne. Abin da ke kwantar da hankali shi ne Yamaha tsohon kamfani ne, tun 1887 yake, kuma yana da dillalai a ƙasashe da yawa. Duk da haka, kafin ka biya, tambayi mai sayarwa kai tsaye: in batirin nan ya gaji, a ina zan sami wani, kuma wa zai sa mini?

Masu sikirin da jikin kabon

Ɓangare na biyu su ne jitocin da kamfanonin Sin suka shigo da su, musamman Lava da Enya. Lava Me 3, wadda ta fito a 2021, tana da sikirin na taɓawa mai inci 3.5 a gefenta, da ado iri-iri masu yawa, da lufa, da ganguna, da na'urar saita tsarkiya, da wurin naɗar sauti. Batirinta 8,000 mAh ne, kamfanin ya ce yana kai wajen awa tara. Enya na da Nova Go mai tsarin SP1, ƙarama mai sauƙin kuɗi, da kuma NEXG wadda ita lasifika ce ta gaske aka sa mata a jiki, ba katako take girgizawa ba. NEXG tana da ƙara sosai, amma in batir ya mutu kusan shiru take yi, don haka ni ba na lissafa ta cikin jitocin da ke iya tsayawa da kansu.

Dole a ba waɗannan jitoci haƙƙinsu, domin suna da wata fa'ida da ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Turai. Jikinsu na haɗin zaren kabon ne, ba katako ba. Jitar katako tana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, laima kan sauko ƙasa da kashi 20. Katakon ya bushe ya tsuke, fuskar jita ta lotsa, tsarkiyoyi su fara gogar ƙarafan wuya, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, wani lokaci fuskar ta tsage tun daga jaki har gindi. Da damina ta sauka kuma katakon ya kumbura. Jitar katako guda, wadda ta fi tsada da daɗin murya, ita ce ta fi shan wannan wahala. Kabon bai san hunturu ba, bai san damina ba. Ga wanda ke yawan tafiya, ko wanda ba zai iya kula da jiƙa soso yana sa wa a cikin jakar jita duk rani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ga inda lissafin ya rikice. Jikin da ba ya tsufa ne aka haɗa da lantarkin da ke tsufa da sauri. Batirin litiyom yakan fara nuna gajiya bayan caji 300 zuwa 500, inda yake komawa wajen kashi 80 na ƙarfinsa, kuma ko ba a amfani da shi shekaru kaɗai suna cinye shi. Babban maƙiyinsa zafi ne, musamman in yana cike da caji. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa a garuruwanmu, ɗakin kwano da rana tsaka ko but ɗin mota yakan wuce haka nesa. Batirin da zai yi shekara biyar a ƙasa mai sanyi zai gaji da wuri a nan. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar da batirinta ya kumbura ya ɗaga murfin baya ya san abin da nake nufi, sai dai waya ana canza ta bayan shekara uku ba tare da baƙin ciki ba, ga masu gyara a kowace kasuwa, jita kuwa ba don shekara uku ake saya ba, kuma mai gyaran waya bai taɓa buɗe irinta ba.

Bayan batir akwai sikirin, akwai manhaja. Jitar da rabin amfaninta ya dogara da manhajar waya tana rayuwa ne muddin kamfanin na sabunta manhajar. In wayoyi suka ci gaba, kamfanin ya koma kan sabon samfuri, kai ne za ka zauna da abin da ba ya haɗuwa. Wannan bai shafi Lava ko Enya kaɗai ba, ya shafi duk jitar da aka ɗaura wa manhaja, har da sabuwar Yamaha, sai dai hatsarin ya fi girma inda muryar jitar ba tare da lantarki ba ba ta da ƙarfi. A kunnena, ƙananan jitocin kabon suna da murya mai haske da tsabta, amma gindin sautin ba shi da kauri irin na babbar jitar katako. Da eko a kunne ba ka lura. Kashe shi ka saurara, domin wannan muryar ce za ta zauna tare da kai har ƙarshe.

Akwai kuma HyVibe, tsarin Faransa da aka sa a jitocin Lâg tun wajen 2019. Ya samo asali ne daga binciken da aka yi a IRCAM, cibiyar nazarin sauti da kiɗa ta birnin Paris. Jitar katako ce, da lufa da Bluetooth da batir mai caji da ke kai wajen awa goma, kuma an san tsarin da iya daƙile kukan da ke tashi in katako da fikof suka shiga amsa wa juna. A ɓangaren batir, tana sahu ɗaya da TAG3 C: jita ta gaske, batir na musamman.

In kana da jitar da kake so

Hanya ta uku ba sayen sabuwar jita ba ce. ToneWoodAmp ƙaramin akwati ne daga Amurka da ake maƙalawa a bayan jitar da kake da ita. Ana manna wani abu mai siffar X mai ɗauke da maganaɗisu a cikin jitar, akwatin ya kama daga waje, ya riƙa girgiza bayan. Ba a huda komai. Na asalin yana aiki da batura uku na AA, yana da amon ɗaki iri-iri, da eko mai maimaitawa, da mai sa sauti rawa, da wasu. Sabon samfurinsa ya koma batir mai caji da manhaja.

Ƙarfin wannan hanya shi ne ta raba abin da ke daɗewa da abin da ba ya daɗewa. Akwatin ya lalace, ka cire shi, jitarka na nan yadda take. Ka sayi wata jita, ka sa mata nata X ɗin a ciki, akwati ɗaya ya yi musu aiki. Raunin kuma a fili yake. Sai jitar tana da fikof tukuna, domin daga nan akwatin ke karɓar sauti, kuma in fikof ɗin mai batir ne, ka ga yanzu batura iri biyu kake kiwo. Akwai gajeriyar waya da ke lilo daga gindin jitar zuwa akwatin. Akwatin na tokare maka ciki in kana kaɗawa a tsaye. Jita mai zagayayyen baya irin ta Ovation ba ta karɓarsa. Sannan saitinsa na buƙatar haƙuri: kowace jita tana da wasu sautukan da take kuka a kansu, sai ka zauna ka gano su ka rage su ɗaya bayan ɗaya. Mai son ya danna maɓalli ya fara kiɗa zai gaji da shi. Mai jitar da ya saba da ita shekaru kuma ba ya son rabuwa da ita zai ga ya cancanci wahalar.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa da ƙarfi, kuma ya shafi duk hanyoyin ukun: waɗannan na'urori, ban da NEXG mai lasifika, ba sa ƙara wa jita ƙara ta a zo a gani. Ado suke ƙarawa. A ɗaki, ko a tsakar gida da dare, ko in kana ɗaukar bidiyo da waya, suna yin abin mamaki, domin makirufon wayar yana kama ekon tare da muryarka ba sai ka gyara komai daga baya ba. Ga matasan da ke sa waƙoƙinsu a TikTok ko YouTube wannan babbar riba ce. Amma a wurin biki, ko a coci mai ganguna da mawaƙa, ko ko'ina da janareto ke ruri a gefe, ekon nan siriri shi ne abu na farko da hayaniya ke haɗiyewa. A nan dole ka soka waya zuwa amfilifaya. Kuma da zarar ka soka waya, amfanin girgiza katako ya ƙare, don mai kula da sauti yana da eko a na'urarsa, feda mai araha ma za ta ba ka.

Mai hawa dandamali yana da wata damuwa ta daban. A waɗannan jitoci siginar da ke fita ta waya tana bi ta cikin lantarkin ne, don haka in batir ya mutu ba ekon kaɗai ke ɗaukewa ba, sautin ma ba ya isa amfilifaya. In AA ne, cikin minti ɗaya ka canza ka ci gaba. In na ciki ne, sai ka nemi caja ko fawabank a gaban jama'a. Shi ya sa ga wanda kiɗa ne abincinsa, shawarata ita ce ya bar wannan kasuwa gaba ɗaya: ya nemi jita mai kyau, ya sa mata fikof marar batir irin K&K Pure Mini, ya riƙe adonsa a feda a ƙasa. In kuma fikof mai 9V yake da shi, ya tuna cewa soka waya ne ke kunna shi. Barin waya a jikin jita dare ɗaya bayan ɗaya shi ke shanye batirin da ya kamata ya yi watanni.

Kada a ɗauka batirin ciki ba shi da nasa alherin. Inda wuta ke zuwa da ɗaukewa, abin da ke karɓar caji ta USB yana iya sha daga fawabank ko ƙaramin faifan sola, kuma ba ka sayen komai duk mako. Ba ya yoyon da ke cin ƙarfe. Amma ka lura cewa cajar baturan NiMH ma akwai mai aiki da USB, don haka wannan fa'idar ba ta batirin ciki ba ce shi kaɗai. In ka riga ka sayi mai litiyom, ga abin da zai tsawaita ransa: kada ka bar ta a mota ko a rana, kada ka yi mata caji tana da zafi, kada ka bar ta a jone kwana da kwanaki. In za ka ajiye ta, bar ta da caji wajen rabi, kuma duk bayan wata biyu ko uku ka duba, domin batirin litiyom da ya ƙare ƙarƙaf ya zauna watanni yana iya ƙin karɓar caji kwata-kwata. In ka ga murfin wajen batirin ya ɗago, ko ka ji wani wari, daina caji nan take. Batun jirgin sama kuwa ba matsala ba ne: ƙa'idar da aka saba ita ce kada yawan wutar da batir ke riƙewa ya wuce 100 Wh, batirin 8,000 mAh kuma bai wuce wajen 30 Wh ba. Baturan ajiya da fawabank dai a jakar hannu ake riƙe su, ba a cikin kayan da ake aunawa ba.

Akwai alamar abubuwa za su ɗan gyaru. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda ta ce daga watan Fabrairun 2027 kayayyaki masu ƙananan batura da ake sayarwa a can su zama waɗanda mai su zai iya cire batirin ya sa wani da kansa. Kamfanonin da ke son kasuwar Turai za su bi. Wannan dalili ne na yin hattara da jitocin hannu na biyu masu batirin ciki na tsohon tsari da za su iya shigowa da araha. Jita ta hannu mai AA, ka zuba sababbin batura ka gwada, ka san matsayinta. Mai litiyom kuwa ba ka san zafin da ta sha ba, ba ka san watannin da ta yi a kwance babu caji ba. In za ka saya, cika ta, kunna eko da ƙarfi, ka kaɗa rabin awa kana kallon yadda cajin ke sauka kafin a yi ciniki.

Da wani zai tsare ni ya ce in zaɓa masa ɗaya ba tare da na san komai game da shi ba, FG-TA zan ce, ko FS-TA in jikinsa ko hannunsa ƙarami ne, da batura huɗu masu caji da caja, da alƙawarin zai riƙa ajiye ta a jaka da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji duk lokacin hunturu. Adonta biyu ne kacal, amma su ne biyun da mutum ke amfani da su bayan ɗokin makon farko ya wuce. Mai jitar da yake ƙauna ya ɗauki ToneWoodAmp, kuma in ya sami na asalin mai AA kada ya raina shi don ya tsufa. Mai koyo da ke buƙatar ganguna da lufa su riƙe masa lokaci, ko matafiyi da ke ratsa rani da damina da jita a baya, yana da hujjar ɗaukar ta kabon, amma ya sayi mai sauƙin kuɗi irin Nova Go, ya ɗauka a ransa cewa lantarkin na 'yan shekaru ne, kada ya zuba kuɗin jita ta har abada a kai. TAG3 C da Lâg na wanda ke rubuta waƙa shi kaɗai ne, yana son lufa a jikin katako na gaske, kuma ya samu dillalin da ya ba shi amsa gamsasshiya kan batirin canji.

A shagon, ko wacce ka ɗauko, fara kaɗa ta minti goma ba tare da ka kunna komai ba. Duba tsayin tsarkiyoyi daga wuya, saurari kowace tsarkiya daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda take zuza. Sannan ka kunna, ka murɗa ekon zuwa ƙarshe, ka bi sautukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne kuka ko karkarwar wani abu da ya saki a ciki ke bayyana. Ɗan janye bayan jitar daga cikinka ka ji bambanci, tunda jikinka na danne katakon da ake girgizawa. Daga ƙarshe ka sa mai shagon ya buɗe maka wurin batirin a gabanka, ka ga ko hannu ke buɗe shi ko sai da sukundireba, kuma in AA ne ka haska ciki ka duba ko akwai farin gari a kan ƙarafan.